Dalar gyaɗa a tsofaffin jaridu: arzikin wa take nunawa?

Ɗalibar Tarihi:

Assalamu alaikum malamai da iyayenmu na wannan zaure. Ina neman a warware mini wani abu game da labaran jaridun ƙasar nan daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu zuwa 1966. Labari iri biyu ne ba sa rabuwa a cikinsu: na tsarin mulki da jam'iyyu, da na gyaɗa da auduga da koko. Yau duk wanda ya tashi yabon zamanin da, hoton dalar gyaɗa ta Kano yake ɗagawa ya ce ga shaidar arziki. To amma a wannan lokacin ne dai 'yan NEPU suke cewa talaka yana cikin ƙunci, kuma suna samun mabiya. In arzikin ya kai yadda ake faɗa, me ya kawo kukan? In bai kai hannun manomi ba, ina kuɗin suka shiga?

Sai tambayar aiki: wace jarida ya kamata a fara da ita, me za a riƙa dubawa, kuma yaya ake lissafin kuɗin lokacin ba tare da an yi kuskure ba? Allah ya saka da alheri.

Malam Akawu:

Wa alaikumus salam. Malama, kafin ki buɗe ko jarida ɗaya, fara gane hanyar da buhun gyaɗa yake bi daga gona zuwa jirgin ruwa, don duk rigimar a kan wannan hanyar take.

Kafin yaƙi, kamfanonin Turawa ne suke saye su fitar da kansu: UAC, John Holt, GBO, PZ, da na Faransawa irin CFAO da SCOA. Kwarori da manyan attajiran Kano irin su Alhassan Ɗantata su ne suke tara musu kaya. Farashi kuwa yana hawa yana sauka yadda kasuwar Turai ta juya. Da yaƙi ya yi zafi gwamnatin Ingila ta karɓe sayen, a 1942 ta sa shi a hannun hukuma guda ta Afirka ta Yamma. Yaƙi ya ƙare, ba a saki ba. A 1947 aka kafa hukumar cinikin koko, a 1949 aka ƙara uku: ta gyaɗa, ta auduga, da ta manja da ƙwararsa.

Ga yadda ake yi. Kafin a buɗe ciniki, wajen Oktoba ko Nuwamba, hukuma ta sanar da farashin tan ɗaya, kuma a kansa za a tsaya har kakar ta wuce. Manomi ya ɓare gyaɗarsa ya kai wa ɗan baranda ko akawun sikeli a kasuwar ƙauye. Shi kuma ya tara ya kai wa mai lasin saye, wanda aka fi sani da LBA. Mai lasin ne yake zuba jari tun kafin kaka, ya raba buhuna, ya ɗauki nauyin ajiya da dako zuwa tashar jirgi, hukuma ta biya shi farashin da aka yanke da ladan da aka ƙayyade a kan kowane tan. Ma'aikatan duba amfanin gona su soki buhu, su duba tsakuwa da ƙasa da ruɓaɓɓiya, su ba kayan daraja. Daga nan sai jirgi zuwa Apapa ko Fatakwal. Ba mai ikon sayarwa a waje sai hukuma, kuma har zuwa wajen 1954 mafi yawan kayan Ma'aikatar Abinci ta Ingila take saye a dunƙule, a kan farashin da aka daidaita tun farko.

A tsakanin farashin Kano da na Landan ake yankar kuɗin. Akwai kuɗin dako da na ma'aikata, wannan ba laifi. Bayansa akwai harajin fitar da kaya, akwai rarar da hukuma take riƙewa, daga baya jihohin lokacin, wato Arewa da Yamma da Gabas, suka ƙara nasu harajin sayar da amfanin gona. Hujjar riƙe rarar ita ce a ajiye a shekarar tsada, a cika wa manomi a shekarar da kasuwa ta faɗi. Ka'idar rabonta ma a rubuce take: kashi 70 cikin ɗari na ajiyar daidaita farashi, kashi 22 da rabi na ayyukan raya ƙasa, kashi 7 da rabi na bincike. Inda abin ya karkace shi ne, daga 1947 zuwa 1954 kusan duk shekarun na tsada ne. A Satumbar 1949 Ingila ta karya darajar fam daga dalar Amurka 4.03 zuwa 2.80, a Yunin 1950 yaƙin Koriya ya ɓarke, kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabo a duniya. Duk da haka farashin Kano bai motsa daga fam 21 da sule 4 ba a kakar 1949/50 da ta 1950/51. Sai a 1951/52 ya yi tsalle zuwa fam 36. Kafin 1954 hukumomin nan huɗu sun tara kusan fam miliyan 120, kuma kaso mai yawa an zuba shi a takardun bashin gwamnatin Ingila a Landan. Masanan da suka bi littattafan kuɗin sun lissafa cewa daga 1947 zuwa farkon shekarun 1960 kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na abin da manomin gyaɗa zai samu ya tsaya a hannun gwamnati da hukuma, kuma yankan ya fi zurfi kafin 1954. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ki lura kuma, farashin da jarida ta buga ba shi ne yake shiga aljihun manomi ba. Ana cire kuɗin nisan garinsu da layin dogo. Sikeli yana iya ci. Wanda ya ci bashi da damina, kafin amfani ya nuna, a kan farashin mai bashin zai biya. Sannan haraji da kaka ake karɓarsa, dagaci yana tsaye, don haka ba shi da halin jira ko zuwa wata kasuwa. Wannan ne abin da ɗan NEPU yake taɓowa a bakin kasuwa, shi ya sa ake sauraronsa.

Lissafin kuɗi: fam ɗaya sule 20 ne, sule ɗaya kwabo 12, wato fam kwabo 240. Sisi kwabo 6, taro kwabo 3, nai kwabo 9, ahu kwabo ɗaya da rabi, ɗari rabin kwabo, anini kuma goma ne a kwabo. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga fam 21 da sule 4 a rubuta 21.4, alhali 21.2 ne. Tan ɗin Ingilishi laba 2,240 ne, kilo 1,016, kuma kimanin buhu 13 na ɓararriyar gyaɗa ne suke cika shi. Ke nan a farashin fam 21 da sule 4 buhu yana kamawa kimanin fam 1 da sule 12 da kwabo 7, a na fam 36 kuma fam 2 da sule 15 da 'yan kwabbai. Kada ki ɓata lokaci wajen mayar da shi nairar yau. An canza a 1973 a kan fam ɗaya naira biyu, amma wannan ba ya gaya miki komai. Ki auna buhun da abin da yake saye a shekarar: mudun gero nawa, yadin akoko nawa, gishiri, kananzir, da harajin mutum nawa.

Ɗan Reluwe:

Malam Akawu ya gama da kuɗi, bari in ɗauki dalar kanta. Ƙanwata, dala rumbu ce ta jiran jirgi. Yawanta a hoto yana nuna abu biyu a haɗe: yawan abin da aka saya, da yawan abin da jirgi ya kasa kwashewa. Wanda ya karanta na farko ya bar na biyu ya karanta rabi.

Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga ciniki a 1912, a shekarar kuma gyaɗa ta cika tasha. An kai reshe Ƙaura Namoda a 1929, Nguru a 1930. Amma layin guda ɗaya ne, ƙarami, faɗinsa ƙafa uku da rabi, kuma daga Kano zuwa Ikko kimanin mil 700 ne. Jirgin da ya taso daga kudu da wanda ya taso daga arewa sai a tasha suke wuce juna, ɗaya ya tsaya ɗaya ya wuce. Kawunan jirgin na gawayi ne, gawayin daga Inugu, shi ma a taragon ake ɗauko shi. Shekarun yaƙi an yi ta aiki da injuna ba sabo ba kayan gyara, aka fito yaƙin da su a gajiye, masana'antun Ingila kuma odar ta yi musu yawa. Gyaɗar da aka saya cikin wata uku ko huɗu, sai jirgi ya shekara yana ja bai gama ba, sabuwa ta tarar da tsohuwa.

Shi ya sa duk labarin da ya taɓa dogo ko gawayi, labarin gyaɗa ne ko da ba a ambace ta ba. Yajin aikin gama-gari na 1945, wanda ya ɗauki kwana 44, ma'aikatan reluwe ƙarƙashin Michael Imoudu ne ƙashin bayansa. Harbin ma'aikatan haƙar gawayi na Inugu ranar 18 ga Nuwamba 1949, inda aka kashe mutum 21, shi ma haka. Ki duba labarin tarago a makonnin da suka biyo bayan irin waɗannan.

Siffar dalar kuwa dabara ce. Ana jera buhu a kan dandamali, kowane hawa yana tsukewa, don kada ta rushe kuma ruwa ya riƙa zurarewa in an lulluɓe da tamfol. Babba takan ɗauki buhu har 15,000, wato fiye da tan dubu. Abin da yake lalata ta lokaci ne. In ta daɗe ƙwari su shiga, kuma a ƙarshen shekarun 1940 wani ƙaramin ƙwaro mai wuyar kashewa da ake kira kafra ya addabi ajiyar Kano, sai da aka riƙa rufe dala ruf ana tura mata iskar guba. Rana tana cinye buhunan waje su fashe. Ƙwayar da ta karye kuma mainta yana saurin yin tsami, mai saye a Turai ya rage kuɗi. Dalilin da ya sa ke nan a tsakiyar shekarun 1950 aka fito da daraja ta musamman mai ƙarin kuɗi ga gyaɗar da akalla kashi 70 cikin ɗari nata ba ta karye ba, aka kuma yaɗa injin ɓarewa na hannu a madadin turmi da taɓarya. Bayan 1960, da talotalo kusan dubu ɗari suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gyaɗa mai fumfuna da aka shigo da ita daga Barazil, sai aka ƙara sa ido a kan danshi da busarwa.

Abin takaicin da jaridun Ingila da majalisarsu suka yi ta maimaitawa: daga 1947 zuwa 1951 gwamnatinsu ta narka miliyoyin fam a Tanganyika wai za ta noma gyaɗa da tarakta, aikin ya rushe, alhali ga gyaɗa jibge a Kano ana neman kan jirgi. Irin wannan gona ta Mokwa, 1949 zuwa 1954, ita ma ba ta kai labari ba. Sauƙi ya fara zuwa daga 1955 da aka mayar da reluwe hukuma mai cin gashin kanta aka fara shigo da injunan dizal, manyan motoci kuma suka fara ɗaukar wani kaso. Bashin farko da Bankin Duniya ya ba Nijeriya, dalar Amurka miliyan 28 a 1958, na reluwe ne, da shi aka ja dogo zuwa Maiduguri, ya isa a 1964.

Amma Malam Akawu, kada a yi wa hukumar ciniki rashin adalci. Kuɗin ba duka suka salwanta ba, akwai abin da aka gina da su.

Hajiya Mai Jarida:

'Yata, ga tsarin da zai rage miki wahala. Dokar farko: kada ki karanta jarida ɗaya ita kaɗai, kuma kafin ki yarda da labari ki san mai jaridar.

Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939 daga Zariya, Abubakar Imam ne editanta na farko. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya, a 1948 ya fara buga Nigerian Citizen da Turanci, wadda New Nigerian ta gaje ta ranar 1 ga Janairu 1966. Duk na hukuma ne. A nan za ki sami sanarwar farashi, ranar buɗe ciniki, jawabin Gwamna da na Firimiya daidai yadda aka faɗa. Bayan NPC, wato Jam'iyyar Mutanen Arewa, ta kama mulki, ra'ayinsu ya karkata gare ta. Amma kada ki raina Gaskiya, musamman shafin wasiƙu, don a nan malaman makaranta da akawuna suke kawo ƙarar sikeli da cin hanci da halin ma'aikatan En'e, sau da yawa a lulluɓe cikin ladabi. A shekarun 1950 an kuma buga ƙananan jaridun larduna, irin Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato da Albishir ta Barno, su suka fi kusa da ƙauye.

Muryar adawa tana cikin jaridun Azikiwe: West African Pilot ta Ikko, da Comet wadda aka kai ta Kano daga Ikko a 1949 ta zama dandalin 'yan NEPU. Nigerian Tribune ta Badun, 1949, ta Awolowo ce. Daily Times kuma daga 1947 tana hannun kamfanin Daily Mirror na Landan, ta fi sauran labarin kasuwa da yaɗuwa. Wuraren nema: Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna, Arewa House, Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello, sai Gidan Mambayya a Kano don abin da ya shafi NEPU.

Ki yi jadawali, kowace kaka layi ɗaya. A gefe guda ki sa farashin da aka sanar, tan nawa aka saya, tan nawa suka kwana ba a kwashe ba, da kuɗin haraji. A ɗaya gefen ki sa abin da ya faru a siyasa. Watannin da za ki fi matsa wa su ne Oktoba zuwa Disamba don farashi, da Maris zuwa Afrilu don kasafin kuɗi, tunda shekarar kuɗin gwamnati daga 1 ga Afrilu take farawa. Turakun siyasar su ne: tsarin mulkin Richards da ya fara aiki a 1947; taron Badun na Janairun 1950 inda wakilan Arewa suka tsaya a kan rabin kujerun majalisar tsakiya; ƙudurin Abubakar Tafawa Ɓalewa na Agustan 1950 na gyaran mulkin En'e; kafa NEPU a Kano ranar 8 ga watan nan dai; Jam'iyyar Mutanen Arewa ta zama jam'iyyar siyasa a Oktoban 1951; ƙudurin Enahoro na 31 ga Maris 1953 na mulkin kai a 1956, da rikicin Kano na watan Mayu wanda hukuma ta ce mutum 36 sun mutu; tsarin tarayya na 1954; mulkin kan Arewa ranar 15 ga Maris 1959.

Ga ramukan da ake faɗawa. Adadin da hukuma ta saya ba shi ne adadin da aka noma ba. Babu iri a ciki, babu wadda aka ci, babu wadda mata suka mayar mai da ƙuli-ƙuli, babu wadda ta tsallaka iyaka. Don haka in saye ya ragu, wataƙila damina ce ta gaza, wataƙila kuma farashin hukuma ne bai yi wa mutane ba. Na biyu, wasu shekarun farashin Kano ake bugawa, wasu na bakin teku, wanda sai an cire kuɗin dako, in kika haɗa su a layi ɗaya sai ki ga tashin da bai faru ba. Na uku, kakar 1951/52 daban, shekarar 1952 daban. Na huɗu, sakamakon zaɓe. Zaɓen 1951 hawa-hawa aka yi shi, daga unguwa zuwa gunduma zuwa lardi, kuma a hawan ƙarshe En'e tana da damar cusa nata mutanen kashi goma cikin ɗari. Za ki ga labarin NEPU ta yi rinjaye a matakin farko a birnin Kano, ki zo majalisa ki tarar ba ta da kujera. Ko a zaɓen tarayya na Disambar 1959, da aka jefa ƙuri'a kai tsaye a asirce, maza kaɗai suka yi zaɓe a Arewa. Ƙidayar kujeru ba ta isa ta auna miki fushin manoma ba. Ki haɗa da labarin kotunan alƙalai da 'yan doka, wa aka ɗaure, a wane gari, a wane wata.

Ɗalibar Tarihi:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Hajiya ta ambaci gyaɗar da take tsallaka iyaka. Wane ɓangare take nufa, kuma me yake juya ta? Malam Akawu kuma, ka tsaya a 1954. Me ya sauya daga nan?

Ɗan Maraɗi:

Malama, ba ɓangare guda take nufa ba, farashi take bi. Ƙasar gyaɗa ta Nijar, Maraɗi, Tasawa, Magarya, Matamai da Damagaram, tana manne da ta Katsina da Daura da Kano, kasuwannin iyaka kuma irin Jibiya da Mai'aduwa da Maigatari mutanen duka ɓangarorin ne suke cin su. Abu uku ake dubawa kowace kaka: farashin da aka sanar a nan da can, canjin sefa da fam a kasuwa ba a banki ba, da abin da mutum zai saya ya koma da shi. Sau da yawa na ukun ya fi ƙarfi, don wanda yake son atamfa ko goro daga Kano zai fi son a biya shi da sule. An ƙirƙiro sefa a Disambar 1945, kuma duk lokacin da Faransa ta karya darajar kuɗinta, kamar a 1958, lissafin iyaka sai ya sauya.

Faransa tana sayen gyaɗar ƙasashen da take mulka a kan farashin da ya ɗara na kasuwar duniya, wannan yakan jawo kaya arewa. Da ta shiga kasuwar tarayyar Turai aka yi ta zare wannan tallafi har ya ƙare a ƙarshen shekarun 1960. Ta fuskar dako kuma, da can gyaɗar gabashin Nijar ta dogon Kano take fita, wato wani ɓangare na kayan da suke cunkushe layin ba na Nijeriya ba ne. Cunkoson yana cikin abin da ya sa Faransawa suka fito da shirin Hirondelle wajen 1953: motoci su kai gyaɗa Paraku, jirgi ya kai ta Kwatano, su dawo da kayan shigowa. A 1962 gwamnatin Diori Hamani ta kafa SONARA ta riƙe cinikin, kusan irin aikin hukumar cinikin Arewacin Nijeriya.

In za ki gwama alƙaluman ƙasashen biyu ki kiyaye. Tan ɗin Faransawa kilo 1,000 ne. Sukan ba da adadin gyaɗa da ɓawonta, ɓararriya kuwa kimanin kashi 70 cikin ɗari ce ta wannan nauyin. Dala kuma, ta kuɗi ba ta buhuna ba, a bakin ɗan Nijeriya na lokacin sule biyu ce, a bakin ɗan Nijar tamma biyar, wato sefa biyar.

A siyasa, jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary ta nemi a ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958 kan zama cikin tarayyar Faransa, ta faɗi, aka haramta ta a 1959, wasu 'ya'yanta suka sami mafaka a Kano wajen 'yan NEPU. Ki nemi labarinsu a jaridun Kano na farkon shekarun 1960.

Malam Akawu:

Abin da ya sauya a 1954 shi ne mai riƙe da jakar. Tsarin tarayya ya rushe hukumomin da aka kafa bisa nau'in kaya, ya kafa hukuma guda a kowace jiha, aka raba musu ajiyar: Yamma ta fi samu saboda koko, Arewa na biye, Gabas ta zo ƙarshe. Daga ranar nan jam'iyyar da ta ci jiha ita ce take da hannu a farashin manomi, da rarar, da kuma wanda za a ba lasin saye. In kin gane wannan, kin gane dalilin da ya sa Sardauna ya zauna a Kaduna ya tura mataimakinsa Ikko, da dalilin da ya sa ba jam'iyyar da ta yarda a yanki jiharta, sai dai ta abokiyar hamayya.

Ɗan Reluwe ya yi gaskiya, an yi aiki da kuɗin. A Yamma an fara ilmin firamare kyauta a 1955, aka buɗe talabijin a Badun a 1959. A Gabas kuɗin hukumar ne suka tsayar da jami'ar Nsukka a 1960. A Arewa akwai masaƙar Kaduna da ta fara aiki a 1957 da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead, da gudummawa ga Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962, da hanyoyi da rijiyoyi. Ban musa ba. Abin da nake cewa shi ne manomi ne ya biya, ba a kira shi haraji ba balle majalisa ta yi muhawara a kansa yadda ya kamata, kuma mafi yawan ginin a birni ya tsaya. Sannan kuɗin da ba a sa wa ido sosai sukan sami wata hanya. Kwamitin Foster-Sutton na 1956 ya binciki yadda kuɗin Jihar Gabas suka shiga bankin African Continental mai alaƙa da Azikiwe. Kwamitin Coker na 1962 ya bi sawun miliyoyin fam daga hukumar cinikin Yamma zuwa wani kamfani, daga can zuwa AG, jam'iyyar Awolowo. A Arewa, manufar fifita 'yan jiha ta ƙara yawan 'yan ƙasa masu lasin saye, abu mai kyau, amma kusanci da NPC yana sauƙaƙa samun lasi da rance, kuma gwamnatin soja ta binciki hukumar bayan 1966.

Wani abin kuma, daga tsakiyar shekarun 1950 farashin duniya ya daina hawa, koko ma ya yi mummunar faɗuwa a 1965. Gwamnatocin sun saba da kashe kuɗi, ajiyar ta zaizaye, ranar da aka yi alkawarin cika wa manomi ta zo jakar ba nauyi. Gyaɗa ta ci gaba da yawa, Nijeriya ta zama ta farko a duniya wajen fitar da ita, sayen kakar 1966/67 ya ɗan haura tan miliyan ɗaya, amma yawan kaya ne yake rufe ƙarancin riba.

Shi ya sa rahoton kwamitocin rabon kuɗi ya fi jawabin 'yan siyasa amfani gare ki, ko da yake jaridu a shafin ciki suke sa shi. Na Chick a 1953 ya ba da ƙarfi ga mayar wa kowace jiha abin da ya fito daga ƙasarta. Na Raisman a 1958 ya bar wa jihohi harajin fitar da amfanin gonarsu, ya buɗe asusun haɗaka da ake rabawa Arewa kashi 40, Gabas 31, Yamma 24, Kudancin Kamaru 5. Kuɗin ma'adinai kuma ya ce rabi na jihar da aka haƙa, kashi 30 na asusun haɗaka, 20 na tarayya. A lokacin in an ce ma'adinai, kuzar Jos ake fara tunawa. An sami man fetur a Oloibiri a 1956, an fara fitar da shi a 1958, kafin 1966 ya wuce koko da gyaɗa a kuɗin da yake kawowa. Don haka a jadawalin da Hajiya ta tsara miki, ki buɗe wa fetur nasa gurbin daga 1958, ki riƙa rubuta kuɗinsa kusa da na gyaɗa kowace shekara, ki kuma lura da jihar da rabin nan yake faɗa wa.